Yadda Aka Saka Mini Harafin Cherokee a Gurbin Ƙ

Kwana tara na yi a Guangzhou kafin na ga ƙofar masana'antar da ta kawo ni, alhali bizar kwana talatin ce a fasfona. Kullum da safe sai na shirya na sauko ƙofar masaukinmu a unguwar Xiaobei na tsaya, Mansur ya iso yana latsa waya ya ce, "Anti, yau ma lawban ya yi tafiya, sai gobe in Allah ya yarda." Lawban shi ne maigida da yaren mutanen garin, wato mai masana'antar. Daga nan sai ya haɗa ni da wasu mata uku 'yan kasuwa da yake wa dillanci, ya kwashe mu zuwa kasuwar Shahe, na wuni ina bin su tsakanin dilolin riguna da wanduna, masu turin kaya suna taka ni suna wucewa. Ni kuwa ko ɗankwali ban je saye ba.

Mansur ƙanin maƙwabciyata ne a Kano, shekararsa takwas a can. Ni kuma shekara ashirin da biyu na yi ina buga wa mutane takardu. Na fara da tafireta a bakin kotu, yanzu ina da shago, ina kuma koya wa ɗalibai kwamfuta. Duk tsawon shekarun nan abin da ke ci mini rai bai wuce yadda ake rubuta Hausa babu ƙugiya ba. Mutum zai rubuta baki yana nufin baƙi, ya rubuta kura ta tashi yana nufin ƙura. In ka yi magana a ce ai kibod ɗin ne babu su. Shi ya sa na ƙudura sai an ƙera kibod mai ƙ da ɗ da ɓ a kan madannansa, kowanne da gurbinsa. Na bi masu makarantu ɗaya bayan ɗaya har suka yarda za su karɓi guda ɗari biyar in na kawo kafin a koma hutu. Wata biyu kafin na taso na aika wa Mansur takarda mai shafi biyu, da zanen kowane harafi da lambarsa. Kwamfuta ba ta san siffar harafi ba, lamba ta sani. Akwai wani babban kundi da ake kira Yunikod, inda kowane harafi na kowane yare yake da tasa lambar, kuma lambar babban Ƙ ita ce 0198. Na rubuta su duka na ja layi a ƙarƙashi.

Ɗaki ɗaya muke da Hajiya Mariama, 'yar Maraɗi, mai sarin jakunkunan mata a kasuwar Shiling. Zuwanta na goma sha ɗaya ke nan. Ni abincin garin bai karɓe ni ba, ko warin man da suke suya da shi na ji sai zuciyata ta tashi. Ita ce ta buɗe akwatinta ta ɗebo garin gero da busasshen nono ta dama mini a kofin roba. Na sha ina tuna 'ya'yana, ban san hawaye na zuba ba sai da ta miƙo mini gefen mayafinta.

Ta ce, "Malama, yaron ga naki ban yarda da shi ba. Duk dillalin da ba ya son ki ga lambar lawban, akwai abin da yaka ɓoyo."

Na ce ai ɗan gida ne, yayarsa ce ta yi mini wankan jego. Ta ce to, ta ci gaba da ninke kayanta.

Rana ta goma Mansur ya ɗauki mota muka tafi unguwar Panyu. Masana'antar a hawa na huɗu take cikin wani dogon gini, ko'ina warin narkakkiyar roba. Lawban mutum ne gajere mai fara'a, ya zaunar da mu ya yi ta zuba mana shayi a 'yan mitsi-mitsin kofuna. Aka kawo samfurin a kwali. Na ga Ƙ da Ɗ da Ɓ farare tas a kan baƙaƙen madannai. Wata mata mai tabarau, wadda za ta yi shekara hamsin, ta jona shi da kwamfutarsu, ta saka ɗan filashin da ke zuwa da shi mai ɗauke da manhajar, ta matsa gefe. Na zauna na buga: Ƙanƙara ta ɓata ɗanyen ƙarfe. Duk suka fito da ƙugiyoyinsu. 

Mansur ya ce, "Anti, kin gani ko? Sa hannu kawai su fara."

Na ce sai na kwana da shi. A kwamfutar tasu na rubuta wa Malam, maigidana, 'yar wasiƙa da kibod ɗin, na tura ta zuwa wayata, daga nan na aika masa. Muna hanyar komawa amsarsa ta shigo. Ya ce ya ga saƙo, amma mene ne waɗannan ƙananan akwatunan da na cusa a tsakiyar kalmomi? Na duba tawa wayar. Babu akwati, amma ƙugiyoyin sun ɓace, kuma K ɗin da ke wurin wani iri ne, ya fi sauran haruffan kauri, kamar ba gidansu ɗaya ba.

Na nuna wa Mansur. Ko kallon kirki bai yi ba ya ce, "Wayar Malam ce tsohuwa. Ke ma kin san wayoyin gida."

Washegari Hajiya Mariama ta kai ni ofishin Baba Issaka, wani dattijo ɗan zangon Kumasi da ke yi mata lodin kaya zuwa gida. Ya tarbe ni da, "Hajiya, ka zo lafiya? Zauna, ka sha ruwa." Na ɗan tsuke fuska, sai daga baya na gane haka Hausarsu take, mace da namiji duk ka ne. Ya ba ni kwamfutarsa. Na buɗe wasiƙar, na zaɓi babban Ƙ ɗin farko, na danna abin da ke nuna lambar harafi. Ina jiran 0198. Sai ga 13E6.

Na sake. Haka dai. Na nemi lambar a kundin, Baba Issaka ya jawo kujera ya sa tabarau muna karantawa tare. Harafin Ꮶ ne, na rubutun Cherokee, wata al'umma daga cikin mutanen da Turawa suka tarar a Amurka. Ba ma K ba ne, kama kawai suka yi. Su a rubutunsu kowace alama gaɓa ce guda, kuma wannan ana karanta ta tso. Wanda aka saka a gurbin Ɗ kuwa Ꭰ ne, su a wurinsu ana karanta shi a. Abin da masana'antar ta yi shi ne, ta ɗauki haruffan mutane, ta zana musu ƙugiya a cikin nata zanen rubutun, wato font, ta liƙa a filashi. A kwamfutar da aka saka filashin, sai ka rantse Hausa ce. Da takardar ta bar wannan kwamfutar, sai asiri ya tonu. Ƙananan haruffan Cherokee kuma daga baya aka shigar da su kundin, shi ya sa tsohuwar wayar Malam ba ta san su ba ta nuna akwati.

Baba Issaka ya ce, "To in ya yi kama, mene ne laifinsa?"

Na buga Ƙasa ta gaskiya a wurin nema, na ce kwamfutar ta nemo ta cikin wasiƙar. Ta ce babu, ga ta kuwa muna kallonta a layi na biyu. Na ce masa, "Baba, ka ɗauka makaranta ta rubuta sunayen ɗalibanta da wannan. Yaro sunansa Ƙasimu, a neme shi a rasa. A tura sakamakon jarrabawa wani wuri ya fita da akwatuna. Shekara goma ana tara takardu, duk wanda ya zo daga baya ya tarar rabin Hausa rabin yaren wasu. Kuma sunana ne a jikin kwalin."

Ya cire tabarau ya ce, "Wannan kam cuta ne."

Na ɗan ƙara karanta labarin mutanen. Ashe mutum ɗaya ne daga cikinsu, wanda bai iya karatun Turanci ba, ya zauna shekaru ya ƙirƙiro musu alamomin nan tamanin da 'yan kai, kusan shekara ɗari biyu da suka wuce. Yau masu jin yaren sun ragu ƙwarai, jikokinsu suna ta fama su koya wa yara. Su ma sai da suka yi fafutuka kafin a ba haruffansu lamba. Sai ga wani a Panyu ya ga gurbin kamar kango, ya ce bari ya zuba mini kayana a ciki. Raina ya ɓaci sau biyu, nawa da nasu.

Na kira Mansur ya same ni a wani gidan abincin Musulmi da ke kusa. Na juya masa wayar na yi masa bayani dalla-dalla. Yana ci yana jijjiga kai.

Da na gama ya ce, "Anti, su waye Cherokee? Za su zo Kano su kai ki ƙara ne? Mutanenmu fa ba su damu da wannan ba. Ki kai musu kaya, su ga ƙugiya a madanni, su yi murna, shi ke nan."

"Ina takardar da na aiko maka?"

"Wace takarda?"

"Mai shafi biyu. Mai lambobi."

Ya ce ya tura musu hoton haruffan, ai ya isa. Na ce hoto na ce ka tura ko takarda? Ya sunkuya yana juya cokali. A nan na tuna lambar wayata da adireshina suna saman shafin farko. Tsoro ya ji kada masana'anta ta neme ni kai tsaye a tsallake shi, sai ya yanko hoton haruffan kaɗai ya tura, ya bar lambobin. Kwana taran da ya yi yana yawo da ni a Shahe ma, jira yake su gama haɗa abin da za a nuna mini.

Na ce, "To ban sa hannu ba, kuma ba zan sa ba."

Ya goge baki ya ce, "Ai an riga an fara tun jiya. Na ce musu kin amince. Anti, lokaci nake taya ki ceto."

Ban taɓa zagin ɗan mutum a bainar jama'a ba, ranar ma ban yi ba, amma sai da na riƙe gefen tebur. Na ce masa, "Mansur, yayarka ta riƙe mini jariri kwana arba'in. Don ita zan tashi ban faɗi abin da ke bakina ba. Kada ka sake zuwa ƙofar masaukina."

Saura kwana goma sha takwas a bizata. Ban san hanyar Panyu ba, a mota aka kai ni. Sa'ar da na yi, na ɗauki hoton ƙofar ginin don in nuna wa Malam, rubutunsu ya fito a jiki. Baba Issaka ya nuna wa wani direbansa, ya karanta, ya rubuta mini sunan tashar da zan sauka. Na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ni kaɗai. Na zauna, matar da ke kusa da ni ta tashi ta koma can gefe ta tsaya. Na wuce tashata da tasha har biyu, na dawo, na fita ta ƙofar da ba ita ba, na yi ta yawo cikin zafi mai ɗanɗanon tururi. Wani tsoho mai gyaran keke ne ya kalli hoton, ya rufe akwatin kayan aikinsa, ya taka da ni har bakin ginin. Na ce masa shiyeshiye, ita ce godiyarsu, kuma ita kaɗai na iya sosai.

Lawban ya ga ni ba Mansur, fara'ar ta ragu. Da manhajar fassara ta waya muka yi magana. Na ce haruffan ba nawa ba ne. Ya kunna kwamfuta ya nuna mini ƙugiyoyin ya ce ga su. Na ce a canza. Ya ce, "Meyo," wato babu. Na ce a kira wadda ta haɗa manhajar. Meyo. Ya ce shi da Mansur ya yi magana, in kawo Mansur. Ya shige ofis ya rufe ƙofa.

Na zauna a bencin da ke bakin ƙofar. Na wuni. Washegari na dawo, na sake wuni. Na yi sallolina a lungun matattakala ma'aikata suna raɓa ni. Ina ji ana naɗe kwalaye da salatif a ciki, kowace ƙara kamar a jikina ake ja. Rana ta uku Hajiya Mariama ta bar sarinta ta biyo ni, ta shimfiɗa ɗankwali a bencin ta zauna tana jan carbi, duk wanda ya wuce ta bi shi da ido.

Da aka tashi cin abincin rana sai ga matar nan mai tabarau ta fito da kwanonta. Ta wuce mu, ta dawo, ta zauna a ƙarshen bencin. Ta yi magana a wayarta ta miƙo mini. Fassarar ta ce sunanta Madam Chen, ita ta haɗa manhajar, mene ne bai yi ba? Ta ce hoto aka ba ta, ta duba zanen rubutun da suke aiki da shi babu irinsu, aka ce mata kwana biyu gare ta. Sai ta nemi haruffa masu kama, masu babba da ƙarami, don ko zanen ya ɓace a ga wani abu kusa da K.

Na ciro kwafin takardata na ba ta. Ta bi lambobin da yatsa. Na rubuta mata a waya cewa haruffan nan suna da gurbinsu tun da daɗewa, miliyoyin mutane ke rubutu da su, waɗanda ta ɗauka kuma suna da masu su.

Sai ta ciro biro ta juya takardar, ta zana wani harafi nasu mai layuka da yawa. Ta ce sunan mahaifinta ke nan. Lokacin da aka koma rubuta sunaye a kwamfuta, aka nemi harafin aka rasa, ma'aikacin ya zaɓar masa wani mai kama da shi ya buga. Tsohon ya yi shekaru yana zirga-zirga a gyara, har ya rasu takardunsa da sunan da ba nasa ba. Ta ce a kan dutsen kabarinsa ne kawai aka sassaƙa na gaskiyar.

Hajiya Mariama ta ce, "Mi ta ce?" Na gaya mata. Ta ce, "Allah sarki," ta tura wa matar ledar dabinon da ke cinyarta.

Madam Chen ta shiga da takardar. Kafin a dawo daga cin abinci ta fito da filashi ɗaya. Gyaran da aka hana ni kwana uku bai ɗauke ta minti arba'in ba. Muka yi rubutu da shi muka duba a wayata, na tura wa Malam, ya amsa da cewa yanzu kam ga Hausa. Na duba lambar, 0198.

Amma an riga an kwafi tsohuwar manhajar a filashi ɗari biyar, an saka kowanne cikin kwalinsa an naɗe. Lawban ya ce ba zai sa ma'aikatansa su buɗe ko ɗaya ba, wani aikin ke gabansu. Na ji muryar Madam Chen ta ɗaga a ofishinsa, ta fito fuskarta ja. Abin da ta samo mini shi ne a kai kayan siton Baba Issaka ba tare da an jira Mansur ba.

A siton nan muka yi kwana shida. Baba Issaka ya ba mu kwamfutoci biyu da fanka. Ni da Hajiya Mariama muna yanka salatif, mu zaro filashi, mu goge, mu kwafa, mu mayar, mu naɗe. Reza ta yanke ni a yatsa uku. Hajiya ta rasa motar Shiling sau biyu saboda ni, in na yi magana ta ce, "Ke dai miƙo na gaba." Ranar Lahadi Madam Chen ta zo da wata na'ura mai cin filashi goma a lokaci guda, ta aro ta ba da sanin lawban ba. Ba don ita ba da ba mu gama ba. Aka rufe kwantena saura kwana biyu bizata ta ƙare.

Kayan sun iso, makarantu sun karɓa, suna aiki da su har yau. Na so a ce nan labarin ya tsaya.

Wata bakwai da dawowata wani malamin makaranta mai ritaya ya shigo shagona da filashi. Ya ce tarihin garinsu ya rubuta, shekara uku yana tattarawa daga bakin tsofaffi, jikarsa ta buga masa shafi ɗari biyu da wani abu, amma madaba'a ta ce duk akwatuna ne. Na buɗe, na zaɓi Ƙ ɗin farko na duba. 13E6. Na tambaye shi inda suka sami kibod. Ya ce a kasuwa, ya ma fi nawa araha. Ya nuna mini hoton kwalin. Irin nawa ne sak, sunana kawai aka cire. Ashe bayan tafiyata Mansur ya koma wurin lawban da kansa ya sa an buga masa nasa, da tsohuwar manhajar, ya watsa su kasuwa. Ban san adadinsu ba, ban san ofisoshi da makarantu nawa suka shiga ba.

Na shiga gidan yayarsa da yamma na gaya mata. Ta ce in yi haƙuri, yaro ne, nema yake. Shekararsa talatin da takwas. Tun ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Littafin malamin na gyara masa a zama ɗaya, don na san haruffa shidan da zan nema in musanya. Na goge masa tsohuwar manhajar na saka ta gaskiya. Ya tambayi abin da zai bayar, na ce ya bar shi, amma duk wanda ya sani ya sayi irin wannan kibod ɗin ya turo mini shi. Ya ce ai kuwa suna da yawa, ƙungiyarsu ta tsofaffin malamai kusan kowa ya saya, har wanda ke rubuta musu sunayen marayun da suke ɗaukar nauyi.

Na jawo takarda na miƙa masa biro na ce, "Malam, rubuta mini sunayensu. Fara da shi."